Me ke sa wata mota daɗin tuƙi, wata kuma ta gajiyar da direba?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin masu motoci a Najeriya ya sauya. Wasu sun sayar da manyan motocinsu sun koma ƙanana. Wasu sun ɗora tukunyar iskar gas ta CNG a but. Da yawa kuma sun daina kunna AC sai rana ta take sosai. A 2025 rundunar 'yan sanda ta sake taso da batun izinin gilashi mai duhu. Duk waɗannan sun taɓa abu guda da ba a cika zama a tattauna ba, wato yadda jikin mutum yake ji a bayan sitiyari. Shi ya sa ƙorafi iri ɗaya ke yawo a gareji da tasha: inji lafiya lau, mota ba ta ɗaukar zafi, ba ta shan mai fiye da ƙima, amma in aka tuƙa ta daga Kano zuwa Kaduna sai mutum ya sauka baya ya riƙe, wuya ya sage, kai na sarawa.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce "ai ƙaramar mota ce", ko kuma "hanya ce ba kyau". Akwai gaskiya a duka biyun, sai dai ba su bayyana dalilin da zai sa Corolla biyu 'yan shekara ɗaya su bi hanya ɗaya, guda ta kai mai ita lafiya, ɗayar ta jijjiga shi ba. Yawancin wahalar da direba ke sha tana fitowa ne daga abin da aka yi wa motar bayan ta baro kamfani, da kuma abin da aka ƙi yi mata.

Abin da ake nufi da daɗin tuƙi

Abubuwa huɗu ne ke isowa jikin direba daga mota: girgiza, ƙara, zafi, da ƙoƙarin da yake yi wajen sarrafa ta. Mota mai daɗi ita ce wadda ke rage waɗannan har mutum ya yi awa uku ko huɗu hankalinsa na kan hanya, bai koma kan bayansa ko ƙafarsa ba.

A nan ne ruɗani na farko yake. Mutane da yawa sun ɗauka laushi shi ne daɗi, alhali jikin ɗan Adam yana da girgizar da ya fi ƙi ta fuska biyu. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na girgizar da ke ratsa jiki, ISO 2631, ya nuna cewa mutumin da ke zaune ya fi jin jijjigar sama da ƙasa idan tana maimaituwa kamar sau 4 zuwa 8 a sakan ɗaya, domin a nan ne ƙashin baya da kayan ciki ke amsa ta. Wannan ita ce wahalar mota mai tauri a hanya mai gargada. A ɗaya gefen kuma, lilo na sannu-sannu, wanda bai kai sau ɗaya a sakan biyu ba, shi ke kawo jiri da tashin zuciya. Wannan ita ce wahalar motar da ta yi laushi fiye da ƙima, wadda ke ta reto bayan ta wuce tudu. Masu ƙera motocin hawa suna ƙoƙarin sa jikin mota ya riƙa motsi tsakanin sau 1 zuwa 1.5 a sakan, a tsakiyar matsalolin biyu.

Kamfanoni ma ba su yi ittifaƙi a kan inda ya kamata a tsaya ba. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, irin su Camry da Avalon, sun karkata ga laushi saboda dogayen hanyoyi miƙaƙƙu. Na Jamus, irin su Golf da BMW, sun karkata ga ƙarfi saboda gudu da kwana. Masu son na farko suna cewa suna haɗiye rami. Masu son na biyu suna cewa mota tana zama daram a hanya, ba sai direba ya yi ta gyara sitiyari ba, kuma wannan ma hutu ne. Kowane ɓangare yana da hujja, hanyar da mutum ya fi bi ce ke raba gardamar.

Ƙafar mota: sifirin da shokazoba

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, shi ke lanƙwasa idan taya ta faɗa rami. Aikin shokazoba shi ne ya kashe reton da sifirin zai ci gaba da yi bayan haka. Idan shokazoba ya mutu, mota ba ta tsayawa a hanya, ba ta kunna wata fitila a gaban direba, don haka mai ita kan yi shekara yana tuƙa ta a haka. Lalacewar tana zuwa a hankali, jiki ya saba, har sai ranar da ya hau wata motar ya ji bambanci.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. A leƙa bayan taya: in jikin shokazoba ya jiƙe da mai, ƙura ta manne ta yi baƙi, to ya fara zuba. A danna kusurwar mota da ƙarfi a saki: mai lafiya za ta taso sau ɗaya ta tsaya. In hancinta na dukawa sosai idan an taka birki, ko taya ta cinye tudu-tudu maimakon bai ɗaya, duk nuni ne ga abu guda. Kuma maganar ta wuce jin daɗi kawai, domin tayar da ke tsalle ba ta riƙe kwalta, tazarar da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita tana ƙaruwa.

A kasuwannin kayan gyara kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, mai mota yakan tsinci kansa tsakanin zaɓi biyu. Kanikawa da dama sun fi yarda da shokazoba na tokumbo, hujjarsu ita ce na asalin kamfani ne, ya fi sabo na jabu da zai mutu cikin 'yan watanni. Masu sukar wannan ra'ayi suna cewa ba wanda ya san kilomita nawa tsohon ya riga ya ci, kuma sau da yawa akan haɗa na dama da na hagu daga motoci daban-daban, mota ta riƙa karkata. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne a sauya su biyu-biyu, na gaba tare ko na baya tare. Haka kuma robobin da ke maƙale a gaɓoɓin ƙafa, waɗanda kanikawa ke kira bushin, su ne ke tace ƙananan girgiza. Zafi da ƙura suna busar da su, kuma kuɗinsu bai kai na shokazoba ba, amma su aka fi mantawa.

Tsarin ƙafar ma yana da tasiri. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana da ƙarfe guda da ya haɗa tayoyin baya, don haka ramin da tayar dama ta faɗa yana ratsawa zuwa hagu. Camry ta waɗancan shekarun kowace tayar baya da nata motsin. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a wannan Corolla milimita 2,600 ce, a Camry ta 2007 kuwa 2,775, kuma mota mai tsawo ba ta cika sunkuyawa gaba da baya a kan tudun rage gudu ba. Hilux kuma a bayanta sifirin na falle-falle ne da aka yi don ɗaukar kaya, shi ya sa take tsalle in babu komai a ciki, ta natsu in an loda mata buhuna.

Dattawan direbobi har yau suna ambaton Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 kuma ya ci gaba da harhaɗa ta har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Yabon nan yana da tushe a ƙirarta. Ƙafarta tana da doguwar tazarar motsi sama da ƙasa, tayoyinta masu kauri ne, kujerunta masu taushi. Ta rasa abubuwa da yawa da motocin yau ke da su ta fuskar tsaro da shan mai, amma an daidaita ta da irin hanyar da za ta bi. Akasarin motocin tokumbo an daidaita su ne da hanyoyin Turai da Amurka.

Taya da wili, inda aka fi yi wa kai illa

Kafin sifirin ya ji rami, taya ce ke fara jinsa. Lambobin da ke gefenta suna faɗin komai. A rubutun 195/65 R15, faɗin taya milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, wato kusan milimita 127, wilin kuma inci 15 ne. Idan mai mota ya cire wannan ya sa wili mai inci 17 da taya 225/45, girman da'irar bai sauya ba, amma gefen roba ya ragu zuwa milimita 101. A inci 18 da taya 225/40 ya koma 90. An cire kusan kashi 30 cikin 100 na robar da iskar da ke tsakanin ƙarfe da kwalta ke nan.

Masu sha'awar babban wili suna da dalilinsu: mota ta fi kyan gani, sitiyari ya fi saurin amsawa, kuma a kwana taya ba ta lanƙwasa. A kwalta mai santsi wannan gaskiya ne. A titin da ruwan damina ya farfasa kuwa, sakamakon shi ne duka mai ratsa kujera, taya mai kumburi a gefe, da wili mai lanƙwasa. Babban wili yakan fi nauyi ma, abin da ke ƙara wa shokazoba aiki.

Sai batun iska. Adadin da ya dace yana rubuce a wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, kuma ga yawancin ƙananan motoci yana tsakanin 30 zuwa 35 a ma'aunin psi. Lambar da ke jikin taya, 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Masu faci da yawa suna kallon wannan lambar, wasu kuma suna bugun taya da ƙarfe su saurari ƙararta. Tayar da aka cika wa iska har 45 ko 50 tana taɓa ƙasa da tsakiyarta kawai, tana tsalle, tana mayar da kowane ɗan tsakuwa girgiza. Wasu direbobi da gangan suke ƙarawa don rage shan mai, kuma akwai ɗan ragi, sai dai bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da cinyewar taya da raunin birki. Rashin isasshiyar iska kuma ya fi haɗari, domin taya na ɗaukar zafi har ta fashe. Ana auna iska ne da safe kafin a yi tafiya, saboda zafin hanya yana ɗaga ta.

Shekarun taya ma suna nan a rubuce: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, inda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana taurara da tsufa ko da zanenta bai cinye ba. In kuma sitiyari na karkarwa a tsakanin gudun kilomita 80 zuwa 110, ya daina a ƙasa da haka, galibi balansin ne ya kauce, wato daidaiton nauyin taya. In mota na jan gefe guda, alaimen ne, wato saitin tayoyi, kuma direban da ya yi awa biyar yana riƙe da sitiyarin da ke fisga zai ji abin a kafaɗarsa.

Lodi da tukunyar gas

Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma ga ƙananan motocin hawa iyakar tana kusa da kilo 400, mutane da kaya duka. Golf ɗin haya da ta ɗauki biyu a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure da igiya, ta wuce wannan nesa. Sifirin ya riga ya danne tun a tasha, babu sauran tazarar da zai lanƙwasa, don haka kowane rami kai tsaye yake dukan bodi.

Tukunyar CNG ta shigo da irin wannan matsala cikin motocin gida. Ana cusa gas ɗin da matsi mai ƙarfi, kimanin 200 a ma'aunin matsi na bar, shi ya sa tukunyar ƙarfe take da kauri, nauyinta kan kai na babban mutum guda. Tana zaune a bayan tayoyin baya dare da rana. Idan ƙafar baya ta riga ta gaji, mota sai ta zauna, hancinta ya ɗaga, fitilu su haska sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Injin da aka juya zuwa gas kuma yakan rasa ɗan ƙarfi, kusan kashi 10 cikin 100, wanda direba zai ji a hawan tudu ko wajen wuce tirela. Masu goyon bayan CNG suna nuna rahusar da ake samu a kuɗin mai, wadda ga direban haya ita ce bambancin riba da asara. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Abin da ya kamata a ƙara cikin lissafin shi ne kuɗin duba sifirin da shokazoba na baya a lokacin da ake ɗora tukunyar.

Kujera da yadda ake zama

Mota mai ƙafa lafiyayya za ta iya gajiyar da mutum idan zamansa bai daidaita ba. Salon kwantar da kujera baya a miƙa hannu ɗaya kan sitiyari yana raba kafaɗa da majingina, wuya ya miƙo gaba, ƙasan baya ya ɗauki nauyin duka. Zaman da masana suka fi ba da shawara shi ne majingina ta ɗan kwanta kaɗan, kamar digiri 100 zuwa 110, gwiwa ta kasance a ɗan lanƙwashe ko an taka birki har ƙasa, kuma in aka miƙa hannu wuyan hannu ya hau saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka tana ba da shawarar tazarar inci 10, kimanin santimita 25, tsakanin ƙirji da sitiyari saboda jakar iska. Matashin kai kuma samansa ya yi daidai da saman kai.

Motar da ta yi shekara 15 tana aiki soson kujerar direbanta ya riga ya mutu, sau da yawa ya fi lotsawa ta gefen ƙofa inda ake shiga da fita. Mutum yana zaune a karkace bai sani ba. Sabuwar rigar kujera tana rufe wannan, ba ta gyara shi. Walat mai kauri a aljihun baya ma yana yin irin wannan aikin.

Kuma ko kujera ta kai ina, zama wuri ɗaya yana da iyaka. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa direbobin manyan motoci hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Direban da ya taso daga Kano zuwa Maiduguri bai tsaya ba sai shan mai ya wuce wannan ma'auni da nisa.

Zafi, ƙara da gilashi mai duhu

A watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri yana wuce digiri 40, kuma cikin motar da aka ajiye a rana ya fi haka sosai. Zafi yana kawo kasala da saurin fushi, yana rage kaifin hankali. Gardamar ita ce ko a kunna AC ko a sauke gilas. AC yana ƙara shan mai, musamman a cunkoson gari. A babbar hanya kuwa gilas a buɗe yana sa iska ta riƙe motar, ribar kashe AC ta ragu, ga ƙura, ga ƙara. A ma'aunin sauti, ƙarin desibel 10 kunne yana jinsa kamar an ninka ƙarar, kuma awanni cikin rugugin iska suna gajiyarwa ko da mutum bai lura ba. AC ɗin da ba ya sanyi ba kullum gas ne ya ƙare ba. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iskar da ke bayan akwatin gaban fasinja a motoci da yawa, kuma sauya ta aikin 'yan mintuna ne.

Sauran hanyoyin ƙara sun haɗa da robar ƙofa da ta bushe, salansa mai huda, boris ɗin taya mai gurnani da ke ƙaruwa da gudu, da robobin da inji ke zaune a kai, waɗanda in sun tsage sitiyari da kujera ke karkarwa ko mota na tsaye.

Gilashi mai duhu yana ƙarƙashin wata doka ta 1991 da ta hana shi sai da dalilin lafiya ko tsaro. 'Yan sanda suna cewa masu garkuwa da mutane da 'yan fashi suna fakewa da shi, don haka dole a san wanda ke ciki. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta ƙalubalanci tsarin izinin na 2025 a kotu, masu motoci kuma suna cewa da yawa a haka motocin suka zo daga kamfani, ga kuma zafin rana. Ta fuskar daɗin tuƙi, abin lura shi ne duhu da kare zafi ba abu ɗaya ba ne. Leda mai arha tana iya yin baƙi ƙirin ba ta tare zafi sosai ba, tana kuma rage gani da dare, yayin da ake da wasu masu haske da aka yi musamman don tare zafin rana.

Giya da sitiyari

A cunkoso, mota mai giyar atomatik tana hutar da ƙafar hagu daga taka kuloci. Mai giyar hannu ta fi sauƙin gyara da arha, kuma direbobin haya da yawa sun fi amincewa da ita a hanya mai tudu da lodi. Akwai kuma motocin da aka shigo da su da sitiyari a dama aka mayar hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma irin wannan juyi, in ba a yi shi da kyau ba, yana barin feda a karkace da sitiyari mai wasa. Fitilun irin waɗannan motoci ma an saita su ne don ɗaya hannun, suna haska idon mai tahowa maimakon gefen hanya.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye da mai haya

Ga wanda zai sayi mota, zagaye ɗaya a santsin titin gaban dila ba ya nuna komai. Gwajin da ke da amfani shi ne a kashe rediyo, a bi hanya mai gargada a hankali ana sauraron ƙwanƙwasa, a hau tudun rage gudu a ga sau nawa take reto, sannan a fita babbar hanya a kai kilomita 100, iyakar gudun ƙananan motoci a manyan tagwayen hanyoyi, a ji sitiyari. A duba ko wilin da ke jiki shi ne girman da takardar ƙofa ta ambata.

Ga wanda ya riga ya mallaka, gyaran yana da tsari daga mai arha zuwa mai tsada. Daidaita iska da kujera kusan kyauta ne. Balansin da alaimen da matatar AC suna biye, sai bushin da robobin inji, sannan shokazoba da sababbin tayoyi. Mutane da yawa suna sayar da mota da sunan ba ta da daɗi alhali ba su wuce mataki na biyu ba.

Wanda abin ya fi shafa shi ne direban haya, mai Sharon ko Hiace da ke yin awa goma a kujera kusan kullum. Shi ne ke da ƙarancin iko a kan lamarin, domin sau da yawa motar ba tasa ba ce, kuma kuɗin da zai kai wa mai ita ba ya raguwa don an sauya shokazoba. Tsadar mai ta tura shi ga ƙarin lodi da ƙarin iska a taya, waɗanda su ne ke ƙara masa ciwon baya da gajiya, kuma fasinjojin da ke bayansa sun dogara ne da yadda hankalinsa zai kasance a awa ta takwas ta tafiyar.